Gudun da ake hira a cikinsa: lacca ga matasan Garwa

Assalamu alaikum. Ƙannena, na san wasunku jarrabawa ce a gabansu, wasu kuwa burinsu ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ta ɗauke su. Buƙatarku ɗaya ce: ku daɗe a kan abu ba ku sare ba.

Ku leƙa wajen filin wasa na Roumdé Adjia bayan sallar asuba. Sabon shiga zai kwasa a guje kamar an biyo shi, minti biyar ya dafe gwiwa yana haki, gobe ko ƙeyarsa ba za a gani ba. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a birnin Vienna na Austriya a 2019, yawancin atisayensa sassarfa ce. Ga ma'auni: in kana gudu kana iya hira da na gefenka, ka yi daidai. A nan ne zuciya take sabawa da tura jini mai yawa a bugu guda, ƙananan hanyoyin jini su yawaita cikin tsoka. Aikin watanni ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5.

Zafin Garwa kuma kun san shi, Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Kada wanda ya fita gudu da rana tsaka. Fitsari in ya yi duhu, ruwa jiki yake nema, kuma ƙarancin ruwa har natsuwar karatu yake ragewa.

Ƙwaƙwalwa ma haka take. Ka fara da minti 20 a kan littafi, wayar tana wani ɗaki, ba a aljihu ba. Mako mai zuwa ka ƙara kaɗan. Sai shayin dare, nan ne za mu ɓata da ku. Sinadarin da ke hana barci a cikinsa, bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini. Ka sha ƙarfe goma, ka kwana juyi, da safe ka ce karatu ba ya shiga! Barcin awa 7 ko fiye, ba ragi.

Tiramol kuwa, wallahi ba ƙarfi yake ba ku ba. Ciwo yake rufewa alhali jiki na ci gaba da gajiya, ga kamu, ga jijjiga irin ta farfaɗiya.

Wani ya turo tambaya kan yadda za a yi gudu cikin azumi. To, ɗan'uwa, ka rage nisa, ka mai da sassarfar bayan buɗa baki, ruwan kuma ka riƙa sha kaɗan-kaɗan har sahur.