Gwamna Uku, Kujera Ɗaya: Rikicin Gadon Mulki a Jihar Jojiya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune nan gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? Madalla.

An ce in yi magana kan yadda gwamnoni ke gadar juna a jihohin Amurka. Jihohi 50 ne, kowace da nata kundin tsarin mulki, saboda haka guda ɗaya zan kama: Jojiya, can kudancin ƙasar, mai babban birni a Atlanta. Wasunku sun san ta ne saboda Jimmy Carter, wanda ya yi mata gwamna daga 1971 zuwa 1975. Abin da ya kawo ni ya riga Carter da shekara ashirin da wani abu. Hausawa na cewa ba a sarki biyu zamani ɗaya. To a watan Janairun 1947 mutanen Jojiya uku suka yi.

A lokacin jam'iyyar Dimokurat ce kaɗai ke da ta-cewa a jihar, wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya gama. Gwamna mai ci shi ne Ellis Arnall, wanda ya sauko da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, ya kuma soke harajin da ake biya kafin a yi zaɓe. Doka ba ta ba shi damar yin tazarce ba, sai ya mara wa James Carmichael baya. Abokin karawar Carmichael kuwa tsohon hannu ne, Eugene Talmadge, wanda ya taɓa yin gwamna sau uku, kuma babban alkawarin da ya yi wa magoya bayansa a 1946 shi ne zai hana baƙar fata sa baki a zaɓen jam'iyya.

A zaɓen fid da gwani Carmichael ya fi yawan ƙuri'u, amma Talmadge ya ci. Ta yaya? Ba kawuna ake ƙirgawa ba, gundumomi ake ƙirgawa. Jojiya na da gunduma 159. Manya takwas kowace tana da maki shida, talatin masu bi musu huɗu-huɗu, sauran 121 biyu-biyu, kuma wanda ya zo na ɗaya a gunduma ya kwashe makinta duka. Kun ga ke nan ƙananan gundumomi uku sun yi daidai da gundumar da Atlanta take ciki. Wannan rashin adalci ne ƙiri-ƙiri, kuma sai a 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta binne tsarin.

Sai dai Talmadge ba shi da lafiya, ciwon hanta ya ci shi, kuma na jikinsa sun sani. Sai suka duba kundin, suka ga wani sashe da ya ce idan babu ɗan takarar da ya samu rinjaye, majalisa ta zaɓa daga cikin mutum biyu na sama. A can mai zaɓe na iya rubuta sunan wanda yake so da hannunsa, ko da ba ya cikin 'yan takara. Sai aka bi ta ƙarƙashin ƙasa aka sa wasu su rubuta sunan ɗansa, Herman, don in uban ya mutu majalisa ta samu damar zaɓensa. An yi babban zaɓe a Nuwamba, uban ya ci, ran 21 ga Disamba ya cika, ba a rantsar da shi ba.

Nan aka ga giɓin. Kundin 1945 shi ya ƙirƙiro kujerar mataimakin gwamna, ya ce shi zai hau in gwamna ya mutu. Bai ce komai ba kan zaɓaɓɓen gwamnan da ya mutu kafin rantsuwa. Waɗanda suka tuna abin da ya biyo bayan rasuwar Abubakar Audu a Kogi a 2015 sun san irin wannan ruɗani.

Melvin Thompson, zaɓaɓɓen mataimaki, ya ce nasa ne. Arnall ya ce ba inda za shi sai an samu halastaccen magaji. Majalisa kuma, wadda 'yan Talmadge suka cika, ta zauna ƙirga ƙuri'un da aka rubuta da hannu, sai ga Herman na uku. Can sai aka ce an tsinci wasu ƙuri'u 58 daga Telfair, gundumar gidansu, suka ɗaga shi zuwa na ɗaya. Daga baya 'yan jarida suka bi sunayen, suka tarar wasu sun daɗe da mutuwa, kuma an jera su bi-da-bi kan tsarin abacada. Ku yi dariyarku, amma da waɗannan ƙuri'u majalisa ta naɗa shi gwamna da tsakar daren 15 ga Janairu.

Herman ya sa aka canja makullan ofis. Arnall ya zo ya tarar an hana shi shiga, sai ya kafa teburinsa a zauren ginin majalisar yana cewa har yanzu shi ne gwamna. Bayan 'yan kwanaki ya sauka ya bar wa Thompson da'awar. Wanda ya fi burge ni cikinsu duka shi ne sakataren jiha, Ben Fortson. Takardar gwamnati ba ta cika sai da hatimin jiha, shi kuma a keken guragu yake tafiya. Sai ya ɗauki hatimin ya cusa ƙarƙashin matashin kujerarsa, ya zauna a kai, ya ƙi ba kowa har kotu ta yi magana.

Ran 19 ga Maris 1947 Kotun Ƙolin jihar, alƙali biyar a kan biyu, ta ce Thompson ne zai riƙe kujerar har a sake zaɓe. Herman ya tattara kayansa ya fita ba gardama, kuma wayo ya yi, don a 1948 ya kayar da Thompson, ya yi mulki har 1955, sannan ya tafi majalisar dattawa ta tarayya. Kundin da jihar ke amfani da shi tun 1983 ya toshe giɓin: zaɓaɓɓen gwamna in ya mutu, zaɓaɓɓen mataimakinsa ke hawa.

Shugaban taro na yi mini alama da agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.