Ƙidayar Jifa: Yadda Koci Zai Tsare Hannun Yara a Gasar Besbol ta Ƙarshen Mako

A Amurka, yaron da ya nuna ƙwazo a ƙwallon besbol ta unguwa, ba a jimawa sai a ce wa iyayensa su kai shi ƙungiyar tafiye-tafiye. Irin wannan ƙungiya gwaji ake yi kafin a shiga, iyaye ne ke biyan kuɗin riga da na gasa da na masauki, kuma daga bazara har ƙarshen lokacin zafi da wuya mako biyu su wuce ba a ɗaure kaya an nufi wani gari ba. Masu shirya gasar, irin su USSSA da Perfect Game, suna raba yara bisa shekaru. Yau za mu tsaya kan 'yan shekara 11 zuwa 12, da kuma aikin da muke ganin ya fi kowane nauyi a wuyan koci, wato rabon jifa, ƙwallon da mai jifa ke jefa wa mai bugu.

Ga yadda gasar take. Ranar Asabar wasannin rukuni ne, galibi biyu. Ranar Lahadi sili-ɗaya-ƙwale ne, kuma ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe tana iya buga uku. Wasa biyar ke nan cikin kwana biyu. Wasan 'yan shekara 12 zagaye shida ne (a kowane zagaye kowace ƙungiya tana samun juyin bugu sau ɗaya), amma da yake ana ƙayyade lokaci, yawanci awa ɗaya da rabi ko ɗoriya kaɗan, mu ɗauka zagaye biyar za a samu. Mu ɗauka kuma jifa 18 a kowane zagaye. Jifa 90 a wasa ɗaya, 450 a ƙarshen mako. Wa zai yi su?

Ga jadawalin da za mu bi. Na shirin Pitch Smart ne, wanda MLB, hukumar babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da USA Baseball, hukumar besbol ta ƙasar, suka fitar a 2014. Ɗan shekara 9 zuwa 10 kada ya wuce jifa 75 a rana. Ɗan 11 zuwa 12, jifa 85. Ɗan 13 zuwa 14, jifa 95. Kusan kowane koci ya haddace wannan. Inda ake faɗawa rami shi ne kwanakin hutu. In yaro ya yi jifa 20 ko ƙasa da haka, yana iya komawa washegari. Daga 21 zuwa 35, hutun kwana ɗaya. Daga 36 zuwa 50, kwana biyu. Daga 51 zuwa 65, kwana uku. Daga 66 zuwa sama, kwana huɗu cur. Ke nan yaron da ya yi jifa 21 ranar Asabar, hannunsa ya gama aikin jifa a wannan gasa. Shirin ya kuma ce kada a sa yaro jifa a wasa biyu a rana ɗaya, kada kuma ya jera kwana uku yana jifa, komai ƙanƙantar adadin.

To, mu koma ga 450 ɗin nan. Asabar za ta ci 180. Tunda ba a jifa a wasa biyu a rana ɗaya, ka ba yara huɗu, biyu a kowane wasa, kowa 45, ka cire su daga lissafin Lahadi gaba ɗaya. Lahadi za ta ci 270, sai yara shida, biyu a kowane wasa, kowa 45. Masu jifa goma ke nan a ƙungiyar da yaranta 11 ko 12 ne. Kocin da ke da gwanaye uku kawai yana da zaɓi biyu: ko ya koya wa sauran jifa tun a atisayen tsakiyar mako, ko ya karya hannun ukun nan. Don haka a kowane atisaye a ware wa kowane yaro jifa 15 zuwa 25 daga kan tudun da mai jifa ke tsayawa, da mai cafka, wato mai karɓar ƙwallon, a tsugune a gabansa. Ba ƙarfi ake nema ba a wannan mataki, saiti ake nema. Yaron da ke iya sa ƙwallo a inda ake so zai fitar da mai bugu uku da jifa 12, mai ƙarfin da ba saiti kuwa sai ya ci 30.

Wannan rabo daren Juma'a ake rubuta shi a takarda: wa zai fara wasan farko, wa zai karɓe shi, a jifa na nawa za a cire kowa. Dalilin rubutawa shi ne, ranar Lahadi da yamma, ana kunnen doki, iyaye na ihu a bayan raga, gwanin yaron kuma na cewa "Koci, zan iya," babu wanda ke lissafi daidai a wannan hali. Takarda ce za ta yanke hukunci. A kuma ba mutum ɗaya aikin ƙirga, da ɗan ma'aunin dannawa a hannu ko manhajar GameChanger, ya riƙa faɗa wa koci adadin bayan kowane zagaye. Duk jifar da aka yi wa mai bugu ana ƙirga ta, har wadda ya doka ta fita gefe. Ta ɗumama jiki ba ta shiga lissafi, amma hannu ya san da ita, saboda haka kada a tada yaro ya ɗumama sau uku a wasa ɗaya sannan a fasa sa shi.

Akwai wani tarko. Wasu gasanni zagaye suke ƙirgawa, ba jifa ba. Zagaye ɗaya kuwa yana iya ƙarewa da jifa 8, yana iya kaiwa 35 in ana ta kuskure a fili. Sai yaro ya haura 85 alhali ba a karya dokar gasa ba. Bi wadda ta fi tsauri tsakanin biyun.

Me ya sa aka damu haka? Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A cikin gwiwar hannu da saman kafaɗa akwai guringuntsi inda ƙashi ke tsawo, kuma ya fi jijiyoyin da ke manne da shi rauni. Kowace jifa ta saman kai tana fizgar gefen ciki na gwiwar hannu. In aka yawaita ba hutu, wurin yana kumbura, har ya kan ɓalle. Bayan ƙashi ya ƙosa, sai nauyin ya koma kan jijiyar da ke riƙe gwiwar, wadda ita ce ake dasawa a tiyatar da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan ƙungiyar Dodgers da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Jinyarta kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi yara masu jifa 481 tsawon shekara goma, ta gano waɗanda ke wuce zagaye 100 a shekara sun ninka sauran sau uku da rabi wajen haɗarin mummunan rauni. Wani binciken cibiyar na 2006 ya nuna masu yawan jifa da hannu a gajiye haɗarin kaiwa ga tiyata ya ninka musu sau 36.

Gajiyar kuwa ana ganinta da ido tun kafin yaro ya buɗe baki, kuma yawancinsu ba za su buɗe ba. Ƙwallo ta fara tashi sama da ƙirjin mai bugu. Gwiwar hannu ta sauko ƙasa da kafaɗa lokacin saki. Ya daina tura jiki da ƙafafu, yana jifa a miƙe. Yana zagaya tudu, yana yarfa hannu, yana jan lokaci tsakanin jifa da jifa. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, cire shi, ko da jifa 40 kawai ya yi. In kuwa ya dafa cikin gwiwar hannunsa ya ce nan ke masa zafi, ba batun ƙanƙara da maganin ciwo ba ne. Ya daina jifa har likita ya duba shi.

Kada a manta da mai cafka, domin kowace ƙwallo shi ke mayar da ita. Dokar Little League, ƙungiyar besbol ta yara, ta ce wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma cafka a ranar ba, wanda kuma ya yi cafka zagaye huɗu ba zai hau tudu ba. Ko gasarku ba ta da wannan doka, ku ɗauke ta. Ɗan aro kuma, wanda aka kira daga wata ƙungiya ya cike gurbi, a tambayi mahaifinsa ko mahaifiyarsa kai tsaye: yaushe ya yi jifa ta ƙarshe, guda nawa?

A softbol ta 'yan mata, wasa mai kama da besbol, jifa ta ƙasa ake yi, hannu na juyawa zagaye guda, daga tazarar ƙafa 40 ga 'yan shekara 12. An daɗe ana cewa wannan salo ba ya cutarwa, shi ya sa za ka ga yarinya ɗaya ta ɗauki wasa huɗu ko biyar a ƙarshen mako, kuma yawancin gasanni ba su da iyaka. Maganar rashin cutarwar ba gaskiya ba ce. Gaban kafaɗa da jijiyar damtse ne ke shan wahala. A tanadi masu jifa uku zuwa huɗu, a ƙirga musu, a ba su ranar hutu.

Bayan an dawo gida, a aika wa iyaye adadin jifar kowane yaro da ranar da zai iya komawa tudu, don kada kocin makaranta ko na unguwa ya sa shi ranar Talata. A tara zagayen shekara a littafi ɗaya: iyakar ɗan 9 zuwa 12 ita ce 80 cikin wata 12. A kalandar ƙungiya kuma a ware wata huɗu ba jifa, biyu zuwa uku daga ciki a jere, a sanar da iyaye ranakun tun a taron farko na kakar wasa.