Me ya sa wanda aka kama bara ya dawo unguwa bana?

Jama'a, ku zo mu bi fayil ɗin ƙara guda ɗaya, mu ga inda yake kwana.

A ce an kama wani matashi a Kano da zargin fashi da makami. 'Yan sanda sun kai shi kotun majistare. To amma majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi, aikin babbar kotu ne. Iyakarsa ya ce a tsare shi a gidan gyaran hali, a tura fayil ma'aikatar shari'a, a jira shawarar lauyoyin gwamnati.

Daga nan tafiya ta miƙe. Fayil sai an yi masa kwafi, kuma wa zai biya kuɗin kwafin? Lauyan da zai duba shi, wasu fayilolin sun yi tsibi a teburinsa. Ranar da aka sa za a zauna, motar gidan yari ba mai. Zama na gaba an kawo wanda ake tuhuma, sai aka tarar ɗan sandan da ya yi bincike an mayar da shi wata jiha, ba wanda ya ba shi kuɗin mota. Ranar da kowa ya hallara kuwa, ba wuta, ɗaki ya ɗauki zafi, alƙali na rubuta kowace kalma da hannunsa, shaida na magana yana tsayawa don biro ya cim masa. Azahar ta yi. An ɗage shari'a.

Yanzu ku dubi mai shagon da aka yi wa fashin. Duk ranar zama sai ya kulle shago, ya biya kuɗin adaidaita, ya wuni a kan benci. Ga 'yan uwan wanda ake tuhuma suna hararar sa a bakin ƙofa, kuma sun san gidansa. Wata rana sai ya ce, "Ni dai na bar wa Allah." Ba shaida, ba shari'a. Kotu ta kori ƙara, mutum ya dawo unguwa, jama'a su ce an sayi alƙali. Cin hanci akwai shi, ba mai musu. Sai dai ƙararraki da yawa ba sayen su aka yi ba, yunwa ce ta kashe su.

Idan kuma matashin nan bai aikata komai ba fa? A gidajen gyaran halin Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wani ya shiga kan zargin satar akuya, ya yi shekaru yana kwana ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi. Ya fito ba sana'a, ba jari, sai sababbin abokai.

Dokar kuwa ba ta da laifi. Dokar tafiyar da shari'ar masu laifi ta 2015 ta ce a riƙa zama kullum har a gama, ta kayyade yawan ɗage zama, ta kuma ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Kano ta yi nata a 2019. Amma leƙa ofishin 'yan sanda ma sai da mota da mai.

To ina kuɗin? Sashe na 121(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin ɓangaren shari'a na jiha a miƙa shi kai tsaye ga shugabannin kotuna. Gwamnoni da dama sun riƙe lalitar, sai alƙalin alƙalan jiha ya bi sahun masu roƙo a gidan gwamnati. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 don tilasta musu sakin kuɗin, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022. A tsakani, ranar 6 ga Afrilun 2021, ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta garƙame kotunan ƙasar fiye da wata biyu. Ba a daina kame ba a lokacin, ɗakunan tsare mutane ne suka cika maƙil.

Kuma kada ku ɗauka ƙananan kotuna kaɗai ke kuka. A Yunin 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad takardar ƙorafi, ciki har da batun man janareta da rashin mataimaka masu bincike. Idan Abuja na kukan man janareta, ina ga kotun ƙauye? A 2024 an ninka albashin manyan alƙalai, abin a yaba. Amma majistare da alƙalin kotun shari'ar Musulunci, waɗanda talaka ke fara gani, har yanzu abin da jiha ta ga dama suke karɓa.

Inda abin ya fi muni shi ne ranar da mutane suka cire rai da kotu baki ɗaya. A birni a yi ihun ɓarawo, kafin 'yan sanda su iso an gama da shi. A Zamfara, makiyayin da aka sace wa shanu da manomin da aka cinye wa gona sun daɗe suna kai ƙara ba sakamako. 'Yan sa-kai suka shiga kashe waɗanda suke zargi har a cikin kasuwa, ɗaya ɓangaren ya ɗauki bindiga da sunan ramuwa, kuma wannan na cikin tushen ta'addancin 'yan bindigar daji.

Yau jihohi na zuba kuɗi a tsaro. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024, an sayi babura da motoci da makamai. Duk wanda suka kamo da rai, kotu za a kai shi, kuma yawan kamen ƙarin fayil ne a teburin lauyan da bai gama da na bara ba.