Kuku Mai Ƙafa Ɗaya: Lacca Kan Ginin Labari a Fim Ɗin 'Yan Fashin Teku

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Waɗanda ke kusa da janareta ku matso, akwai kujeru a nan gaba, ba a cizo.

An ce in yi magana kan yadda ake gina labari da irin mutanen da ake zubawa a cikinsa. Na ce to, ba zan cika muku allo da zane ba, fim ɗaya zan ɗauko mu feɗe biri har wutsiya. Fim ɗin shi ne Treasure Island na 1950, na kamfanin Disney, wanda Byron Haskin ya ba da umarni. Shi ne na farko da Disney suka yi da mutane zalla, babu katun ko ɗaya. A Ingila aka ɗauke shi, kuma dalilin kuɗi ne. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Birtaniya ta hana kamfanonin Amurka fita da wani kaso na cinikin finafinansu, sai Disney suka ce to bari a kashe kuɗin a can. Asalin labarin littafi ne na Robert Louis Stevenson, mutumin Sikotland, ya fito a 1883.

Abu huɗu zan taɓa: tsarin tafiyar labarin, yaron, mugun, sai 'yan rakiya. Shugaban zama, in na wuce lokaci ka ja rigata.

Na ɗaya. Labarin nan taswirarsa ta riga shi zuwa duniya. A 1881, a wani ƙauye da ake kira Braemar, ruwan sama ya tsare su a ɗaki, Stevenson ya zana wani tsibiri suna wasa da agolansa Lloyd, daga zanen ne labari ya tsiro. Shi ya sa komai a cikinsa yake bin takarda ɗaya. Wani tsohon ɗan fashi, Billy Bones, ya zo ya laɓe a masaukin su Jim, yaron labarin, da taswirar inda Kyaftin Flint ya binne dukiya. Tsofaffin abokansa suka biyo sawu, wani makaho a cikinsu ya damƙa masa baƙin tabo a tafi, wato takardar hukuncin 'yan fashi, ya faɗi ya mutu, takarda ta koma hannun yaro. Daga nan wurare uku ne kacal: masauki, jirgi, tsibiri. A masauki akwai hukuma, ka yi ihu a kawo ɗauki. A jirgi hukuma ta koma mutum ɗaya, kyaftin, kuma ba ƙofar gudu, ko'ina ka juya ruwa ne. A tsibiri babu ma kyaftin ɗin, wanda ya riƙe bindiga shi ne alƙali. Masu rubuta mana fim, ku duba nan da kyau. Kowane sauyin wuri yana zare wa yaron wata garkuwa. Mu kuwa sai a ɗauke mu daga falo zuwa lambu, daga lambu zuwa falo, ba abin da ya ragu ga kowa sai data. (Dariya.)

To, yaron. Jim Hawkins maraya ne, ba uba. Wani yaro Ba'amurke, Bobby Driscoll, ya fito a matsayinsa. Aikin irin wannan yaro a labari shi ne ya ara mana ido. Abin da bai sani ba mu ma ba mu sani ba, wanda ya yarda da shi mu ma mun yarda. Kuma da wa ya yarda? Ai kun ga ba zan iya maganar yaron ba sai da mutumin. Bari kawai in tsallaka.

Long John Silver. Silba, kamar kwanon silba, kuma abin dariya kuku ne, ga suna ga sana'a. Ku riƙe wannan: kuku ne. Sunan da Stevenson ya fara raɗa wa littafin ma, ma'anarsa kukun teku. Mu da muka taso a gidan kallo mun san bos tun daga fitowarsa ta farko, ga gashin baki, ga muguwar dariya, ga yara a bayansa, kiɗa ma ya canza. Wannan kuwa ya fito da tsumman girki a ƙugu, ƙafa ɗaya, sanda a hammata, aku a kafaɗa. Attajirin da ya sayi jirgin, Trelawney, tausayi ma ya ji, ya ɗauke shi aiki a Biristol. Shi kuma Silba ya ce ranka ya daɗe ai na san matuƙa na gari, bari in nemo maka. Ya kwaso tsofaffin yaran Flint ya cika jirgi da su. An ba kura ajiyar nama, har ana yi mata godiya.

Me ya sa kuku? Na daɗe ina juya wannan. Kyaftin yana sama, ba mai zuwa gunsa sai da dalili. Amma kicin kowa yana shiga. Mai yunwa ya shiga, mai jin haushi ya shiga ya amayar da cikinsa, yaro mai kewar gida ya shiga ya ji ɗumi. Wanda ke riƙe da ludayi ya san sirrin gida fiye da maigida, ku tambayi duk wanda ya yi makarantar kwana. A hannunsa mataimakin kyaftin, Arrow, yake samun giya, har ya bugu teku ta tafi da shi, ba wanda ya ga hannun kowa. Kuku ne, na ce muku. Mutum ba ya zargin hannun da ke zuba masa miya.

Robert Newton ne ya hau wannan matsayi, kuma ya yi abin da har yau ba a warke ba. Haifaffen Dorset ne, ya taso a Cornwall, sai ya ɗauko karin harshen yammacin Ingila ya ƙara masa gishiri, yana jan "arr", yana zare ido ɗaya yana kanne ɗaya. Duk wanda kuka ji yau yana kwaikwayon muryar ɗan fashin teku, a katun ne ko a talla, Newton yake kwaikwayo ko ya sani ko bai sani ba. Wasu na cewa ya cika zaƙewa. Ni ina ganin zaƙewar ita ce aikin, don Silba kansa wasan kwaikwayo yake yi wa kowa a jirgin, dare da rana. Ku lura da fuskarsa a daidai lokacin da mutum ya juya masa baya. Murmushin ba ya dusashewa a hankali, ɗauke shi ake yi ɗif kamar wutar lantarki.

Sai gangar tuffa. In za ku manta da duk abin da na faɗa yau, ku bar wannan. Jim ya ji sha'awar tuffa da dare, ganga ta kusa ƙarewa, sai ya zura jikinsa gaba ɗaya ciki. Yana ciki Silba ya zo ya zauna ya jingina da ita, ya fara zance da mutanensa. Ku sa kanku a wurin: duhu, warin tuffa, katako kauri ɗan yatsa tsakaninka da bayan mutumin da ka ɗauka uba, kana jin muryarsa tana ratsa katakon yana tsara yadda za a yanka kowa bayan an haƙo dukiya. A littafin akwai abin da ya fi yankan ciwo. Silba yana zuga wani matashin matuƙi, sai Jim ya ji yana yaba masa da kalmomin da ya taɓa yaba masa shi kansa, harafi da harafi. Ashe yabon ma na sayarwa ne. Saura ƙiris a gano shi, sai mai tsaro a sama ya yi ihu ya hango ƙasa, kowa ya ruga. Da suka zauna lissafi, mutum 26 ne a jirgin, 7 kawai aka amince da su, ɗaya kuma yaro ne. Manya 6 ke nan a gaban 19.

Kafin ganga mun san abin da Jim ya sani, bayanta mun san abin da Silba bai san mun sani ba. Kowace gaisuwa daga nan ta zama mai fuska biyu. Marubuci bai ƙara mutum ko ɗaya ba, bai harba bindiga ba, wanda ya san magana kawai ya canza.

Bari in ɗan kauce, tunda na ga 'yan'uwanmu na Gana a nan. A littafin, cikin zancen gangar nan Silba yake cewa likitan da ya yanke masa ƙafa an rataye shi tare da mutanen wani shugaban 'yan fashin teku, Roberts, a Corso. Wurin nan Cape Coast ne, a Gana ta yau, kuma abin ya faru da gaske. Bartholomew Roberts, jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a 1722 a gaɓar Gabon ta yau, aka kai mutanensa gidan kurkukun Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fata da dama da aka kama a jiragensa kuwa sayar da su aka yi bayi. Wannan ɓangaren fim ba ya nunawa. Kuma mutanen nan zaɓen shugabansu suke yi, su tsige shi in ya gaza. Shi ya sa a tsibiri yaran Silba suka yago takarda daga Littafin Baibul suka yi masa baƙin tabo, wato takardar tsigewa. Shi ma kenan kujerarsa rawa take. Ba don Allah kaɗai yake kāre Jim daga wuƙaƙensu ba, yaron garkuwarsa ne in al'amari ya juya, ya samu mai ba da shaida kada a rataye shi. Amma kuma yana sonsa. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, kuma fim ɗin bai taɓa zaɓa mana ɗaya ba.

Wani zai ce ai Gizo ne. Akwai kama, wayo da daɗin baki da cin amanar abokin tafiya. Sai dai Gizo ba ya jin kunyar kowa, kuma ba ma tsoronsa. Silba a gaban idonmu yake kisa, kuma akwai yaro ɗaya da ba ya iya haɗa ido da shi.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? Shugaba yana nuna mini agogo. To, 'yan rakiya, a gurguje. Uban da Jim ya rasa an raba shi gida uku: Trelawney mai kuɗi da sakin baki, shi ya tallata sirrin tafiyar a duk Biristol, Likita Livesey mai hankali, Kyaftin Smollett mai doka, ba ya dariya, ya ce tun farko bai yarda da matuƙan nan ba, ba wanda ya saurare shi. Uku ɗin nan a haɗe ba su kai kukun ɗumi ba. Israel Hands shi ne mugu tsantsa, an ajiye shi don Jim ya samu wanda zai harba a saman jigon jirgi ba tare da mun ji zafi ba. Ben Gunn, wanda aka yasar a tsibirin shekara da shekaru, ya zama kamar taɓaɓɓe, ba abin da yake mafarki sai cuku, ashe shi ya riga ya kwashe dukiyar, fam 700,000, ya kai kogonsa. Aka sha wuya aka isa inda taswira ta nuna, sai rami. Takardar da aka yi ta mutuwa a kanta tun farkon fim ta daɗe da tashi aiki.

Ƙarshen kuma fim ya saɓa da littafi. A littafi Silba sulalewa ya yi da jakar kuɗi a wata tashar jiragen ruwa. A fim ya ƙwace kwale-kwale, ya kafe a yashi, ya ɗora wa Jim bindiga ya ce tura ni. Yaro ya ƙi. Ya kasa harbi. Ya sauke bindiga yana fama shi kaɗai da ƙafa ɗaya, sai Jim ya shiga ruwa ya tura shi. Ina so in tsaya a kan wannan turawar, don...

Na'am, Malama? Ku miƙa mata abin magana.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce an yi ta maganar uba, uba, ita tana tambaya ina uwar yaron take.)

Kin kama ni. (Dariya.) A fim ɗin ba a nuna ta ba sam, babu mace ko ɗaya mai magana daga farko har ƙarshe. Stevenson kansa ya rubuta wa abokinsa Henley cewa ba mata a labarin, umarnin Lloyd ne, yaron da ake rubuta wa. Henley ɗin nan, af, ƙafa ɗaya gare shi, daga jikinsa aka ɗebo wani abu na Silba. Amma duk da umarnin, uwar tana cikin littafin, kuma Disney sun yi asara da suka cire ta. Billy Bones ya mutu da bashin kuɗin ɗaki da na abinci a kansa. Gawarsa na kwance a ƙasa, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, maƙwabta duk sun ƙi rako su don tsoro, matar nan ta koma gidan da ɗanta, suka ciro mabuɗi daga wuyan mamaci suka buɗe akwatinsa. Ga jakar zinariya, kuɗin ƙasashe iri-iri a cakuɗe. Jim yana cewa Inna kwashe mu gudu. Ta ce a'a, haƙƙinta za ta ɗauka, ba ƙari ba ragi. Kuma kuɗin Ingila kaɗai ta iya lissafi da su, sai ta zauna a gaban kyandir tana tsince su ɗaya-ɗaya. Can suka jiyo sandar makahon nan a kan daskararriyar hanya, ƙwas, ƙwas, tana matsowa. Ya taɓa ƙofa, ya ji ta a kulle, ya juya kiran sauran. Ita kuwa ba ta gama ƙirga ba, ta ci gaba.

Malama, in kina rubutu, ga fim nan ba wanda ya yi. Shugaba, na ga an kira salla. Wanda ke da wata tambayar ya same ni a waje bayan an idar.