Kula da tsoho a gida: taimakon da ba ya ƙwace masa rayuwarsa

Masu kallo, ku dubi hannun nan da kyau. Dattijo ne mai shekara 80 da 'yan kai, yana fama da maɓallin rigarsa. Yatsun na rawa, maɓallin ya ƙi shiga. Matar da ke tsaye gefensa da ta so, da tuni ta gama masa. Amma ba ta taɓa ba. Gefen rigar kawai ta riƙe, ta bar shi yana ta yi, har na ukun ya shiga. Wannan jiran da kuka gani, shi ne tsakiyar aikin da za mu yi magana a kai yau.

Mai kula da tsoho a gida ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ba ta yin allura, ba ta wankin ciwo, ba ta ƙara magani ko rage shi don wai ta ga jikin ya yi sauƙi. Iyakarta da magani ita ce ta ce, "Baba, lokaci ya yi," ta miƙa ruwa, ta tabbatar an sha. Sauran aikinta shi ne rayuwar yau da kullum, wadda mai ƙarfi ke yi ba tare da ya ma lura ba.

Kuma buƙatar nan ƙaruwa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1. Nan da 2030, mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance a wannan rukuni, zuwa 2050 kuwa adadin zai kai biliyan 2.1.

To, ta yaya ake gane tsoho ya fara buƙatar hannu? A 1963 wani likita a Amurka, Sidney Katz, ya zayyana abubuwa shida da ake aunawa: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, sai cin abinci da kai. Abin lura shi ne, ba tare suke tafiya ba. Wanka ne yakan fara gagara, kai loma baki kuwa shi ne yakan saura har ƙarshe. Kamar dai yadda yaro ke koyonsu, amma a juye.

A 1969 wasu masu bincike biyu, Lawton da Brody, suka ƙaro wani jerin: waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, fita unguwa, shan magani kan lokaci, da lissafin kuɗi. Waɗannan su suke fara suɓucewa, kuma a hankali, shi ya sa 'yan gida ba sa ankara. Sai ka ga tukunya ta ƙone sau biyu a mako ɗaya, ko abinci ya lalace ba a taɓa ba, ko dattijuwar da aka sani da tsafta ta kwana huɗu da kaya ɗaya a jiki. In ka tambaya ta ce lafiya lau. Ba ƙarya take so ta yi ba, tsoron zama kaya take ji.

Mu tsaya a kan wanka, don a nan ake gane mai kula ta ƙwarai. Mutumin da ya yi shekara 70 yana rufo ƙofa ya yi wankansa, yau wani zai ga tsiraicinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ana haɗa komai kafin a cire riga. Ta gwada ruwan a hannunta tukuna, domin fatar tsoho ta yi laushi, saurin ƙonewa gare ta. Ta zaunar da shi a kujerar da ba ta santsi, ta lulluɓe inda ba a kai ga wankewa ba. Kafin ta taɓa shi sai ta faɗa: "Zan cuɗa bayan yanzu." Soson kuma a hannunsa yake, duk inda hannunsa ya kai shi zai wanke. A ganina, mai kula da ke gama komai cikin minti biyar tana alfahari da sauri, ɓarna take yi. Hannun da aka daina sa wa aiki, ba ya daɗewa yake mutuwa.

Banɗakin nan kuma shi ne tarko. Faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a duniya duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Yawanci dalilin ƙarami ne: tabarma mai naɗaɗɗen baki, wayar wuta a kan hanya, silifas da ya sake, duhun dare. Akwai kuma jiri. In tsoho ya zabura daga kwance, jini kan yi ƙasa nan take, ido ya yi duhu. Maganinsa a zauna a bakin gado na ɗan lokaci, ƙafa a ƙasa, sannan a miƙe. Kuma kada a fizgo shi ta hannu ko ta hammata; a tsaya a gefensa, a bar shi ya dafa.

Ruwan sha ma abin sa ido ne. Tsufa na rage jin ƙishirwa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha da yamma don gudun fitsarin dare. Jiran ya nema ba dabara ba ce, a riƙa miƙawa kaɗan-kaɗan.

Ga inda aikin ke haɗuwa da na asibiti. Mai kula ita ce idon likita. In wanda jiya kuka yi hira tiryan-tiryan yau ya tashi a ruɗe, bai gane ɗakinsa ba, kada a ce ai tsufa ne. Ruɗewar farat ɗaya kan zo ne sanadiyyar ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani. Haka nan jan tabo a ƙugu ko dunduniya ga mai yawan kwanciya. Nata ta gani ta kira likita, ba ta gwada magani ba.

Wa ke ɗaukar nauyi? Jamus ta kafa inshorar kula ta dogon lokaci a 1995, Japan ta bi a 2000, inda kowa ke fara biya daga shekara 40. A mafi yawan duniya kuwa, 'ya ce ko mata ko suruka, ba albashi ba hutu. Ita ma jiki gare ta. In ba a karɓe ta ko na yini ɗaya a mako ba, sai gida ya koma majinyata biyu.

Domin karɓar ta yi sauƙi, a ajiye ƙaramin littafi kusa da gado. Me ya ci, kofi nawa ya sha, ya zagaya ko bai zagaya ba, ƙarfe nawa ya yi barci. A ƙasa a ƙara abin da shi ya fi damuwa da shi: ba ya son a taɓa masa rediyo, maɓallansa kuma shi ke sa abinsa.