Tazara a Fagen Dambe: Hannun da Ba a Ɗaure Ba

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo yau, duk a kan tazarar da ke tsakaninka da abokin karawarka: nesa, tsakiya da kusa.

Nesa dai ta mai doguwar ƙafa ce. Ku dubi Abdoul Razak Alfaga na Nijar, wanda ya ciyo azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Tsayinsa ya haura mita 2. Kafin ka iso inda za ka taɓa shi, ƙafarsa ta riga ta gaisa da kanka. Shi ke nan, mu wuce, ba a nan zuciyata take ba.

Mu zo tsakiya, wato dambe. Idan an sa zare, kalangu na tashi, kowa idonsa na kan hannun da aka ɗaure, don shi ke kisa, wato kai abokin karawa ƙasa. Ni kuwa ɗaya hannun nake kallo, wanda aka miƙa gaba, tafi a buɗe. Ku je gidan damben Dei-Dei a Abuja, ko na Kano, ku zauna kusa da fage, ku manta da zaren. Za ku ga ɗan dambe ya buɗe ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya ja hannun zare can baya, wannan na gaba kuma yana ta lalube. Ba kariya kaɗai yake yi ba, awo yake yi. Idan yatsunsa suka taɓa goshinka ko kafaɗarka, ya san ka shigo gonarsa. Idan tafinsa kawai ya taɓa naka, da saura taki ɗaya. Taki ɗaya fa! Duk damben a cikin takin nan yake.

Kai mai jar hula, miƙo hannunka. A'a, ba dukanka zan yi ba, na tsufa. Kun gani? Tafina a kan nasa. In na kawo naushi daga nan, iska zan daka, nauyina ya ja ni gaba, haɓata ta fito fili. Shi ke nan an kashe ni, 'yan kallo su ce sa'a ce ko asiri. Ba sa'a ba ce, ni na kai kaina. Shi ya sa za ku ga gwanaye sun yi turmi uku, wato zagaye uku, babu kisa, jama'a na ihu wai tsoro suke ji. Wane tsoro? Kowa ya san takin, kowa na jiran ɗan uwansa ya taka shi ba a kan lokaci ba. Mai wayo ma yakan lanƙwasa gwiwar hannun nan kaɗan, ka ɗauka yana nesa, ashe ka riga ka shiga. Na sake faɗa, hannun da ba a ɗaure ba shi ke haɗa kisan.

Na biyu... ko na uku ne? To, kusa dai. Wannan ta 'yan kokawa ce. Idan mai ƙarfin naushi ya matsa maka, ka shige jikinsa, don zare ba ya aiki sai da wurin lilo. A kokawar takobi ta Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, aka kuma fara ta a Tawa a 1975, a nan ne ma wasan ke farawa.

Akwai tambaya? Na'am, ɗaga murya.

Yana cewa yaya za a yi da bahago. Kai, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Bahago hagu yake ɗaurewa, don haka ƙafar dama ce a gabansa, taka kuma ta hagu. Ƙafafunku na gaba suna fuskantar juna, hannuwan awo suna karo, duk lissafin da ka saba ya rikice. Shi kullum da na-dama yake karawa, kai kuwa jefi-jefi kake haɗuwa da irinsa. Abin yi, ka sa ƙafarka ta gaba a wajen tasa, ka riƙa zagayawa ta hagunka, kana nisantar zarensa. Idan shi ya riga ka samun wajen, kada ka yi naushi, ja da baya ku sake jeri. Akwai bahago a cikinku? Taso, kai ma mai jar hula dawo, ku ture kujerun nan mu gwada kafin a kira sallah.