Waye Ya Raɗa Wa Sikel Suna? Lacca Kan Maƙam, Raga Da Lissafin Sauti

Wannan laccar an yi wa matasa masu aikin situdiyo da makaɗan fiyano ne, ni kuma na kwafo ta daga rikodin ɗin waya, na cire doguwar gaisuwa da inda janareta ya hana a ji magana.

To jama'a assalamu alaikum. Bari in fara da abin da kowa a nan ya sani. Ka buɗe Auto-Tune za ka gyara wa mawaƙi murya, abu na farko zai tambaye ka ki, wato sautin da waƙar ta zauna a kai, sai ya tambaye ka sikel, mejo ko maino, kai kuma ka danna maino ka wuce abinka, haka ne ko ba haka ba? To ranar da aka kawo maka mai goge ko tsohuwa mai waƙar daɓe, sai ka ga na'urar tana fizgar muryar tana kai ta inda ba nan ta nufa ba, ka ce wai tsohuwar ba ta kan ki. Tana kan nata kin malam, fiyanonka ne ba shi da gurbin. Kuma matsalar ba ta tsaya a gurbi ba, ko ka samo gurbin, da wane suna za ka ajiye shi a kwamfuta yadda gobe yaronka zai buɗe ya gane? Maganar da ta tara mu kenan.

Sikel dai tsani ne na sautuka, irin do re mi ɗin nan. Daga do zuwa do na sama, fiyano ya yanka tazarar gida 12 daidai wa daida. Wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, a 1885 ya fito da ma'auni, ya ce a ɗauki tazarar nan a matsayin santi 1200, kowane maɓalli santi 100. Ku riƙe wannan don za mu yi ta komawa kansa. Gida 12 ɗin nan ba wahayi ba ne, zaɓi ne, wasu sun yanka 17, wasu 19, wasu 24, 31, 53, wani Ba'amurke Harry Partch ma 43 ya yi, ya sassaƙa kayan kiɗansa da hannunsa don babu inda zai saya.

Mu fara da Larabawa tunda kunnenmu ya saba da su. Duk wanda ya taso yana jin ƙira'ar Abdulbasit ko Minshawi a rediyo da azumi ya sha jin maƙamat, wato tsanukan sautin Larabawa, ko bai san sunansu ba. Na san malamai sun yi saɓani kan koyon ƙira'a da maƙam, wannan ba fagena ba ne, ni sunayen nake so ku duba. Rast, Bayati, Hijaz, Saba, Sikah, Nahawand, Ajam, Kurd. Hijaz yanki ne, Nahawand gari ne a Iran, Kurd ƙabila ce, Ajam wanda ba Balarabe ba, kalmar da muka samo ajami daga gare ta. Rast Farisanci ne, miƙaƙƙe. To Sikah fa? Wannan shi ne mai daɗin, se a Farisanci uku, gah wuri, wato mazauni na uku. Akwai yakah, dukah, sikah, jaharkah, ɗaya biyu uku huɗu kenan. Kun ga an fara tsari da ƙidaya sai aka bar shi a hanya, sauran aka yi ta sa musu sunan gari da ƙabila da fure, kamar unguwar da aka fara sa wa gidaje lamba, aka kai gida na bakwai fenti ya ƙare, sauran sai dai kwatance, gidan mai itacen darbejiya.

Turawa ma kar su yi mana dariya, nasu ya fi rikicewa. Sunayen tsanukansu irin Doriyan, Firijiyan, Lidiyan duk sunayen ƙabilu da yankuna ne a wajen Girkawan da, kuma da malaman coci suka ɗauko sunayen sai suka liƙa su a kan tsanin da ba nasu ba, abin da ake kira Doriyan yau ba shi Bagirke yake kira Doriyan ba. Mejo da maino ɗin da kuke taƙama da su, sai 1547 wani Glarean ya shigar da su jerin da sunan Ayoniyan da Eyoliyan.

Amma akwai wanda ya so ya gyara tun da wuri, Safiyuddin al-Urmawi a Bagadaza, ƙarni na 13, ya rasu 1294. A Kitabul Adwar ya yanka tsanin gida 17, ya sa wa kowane sauti harafin abajada, alif, ba, jim, dal, har sama. Daga baya a ƙarni na 19 Mikha'il Mishaƙa na Labanan ya yaɗa lissafin gida 24, kowane taki santi 50, shi ne rubu'in sautin da kuke gani a fiyano mai maɓallan Larabawa. A lissafin nan Rast takunsa 4 3 3 4 4 3 3, ku tara ku gani, 24. Da kyau a takarda. Sai 1932 Sarki Fu'ad ya kira babban taro a Alƙahira, makaɗa daga Maroko har Iraƙi, da Turkawa, da Turawa irin su Bartok da Hindemith, ana so a tsayar da magana ɗaya, aka kasa daidaitawa kan 24 ɗin nan, saboda sautin sikah ɗin mutumin Halab ta Siriya ya ɗan fi na mutumin Alƙahira tashi, kowa kuma ya rantse nasa ne sikah. Suna ɗaya, gurbi daban daban, har yau haka abin yake.

Yanzu ku gyara zama, ga inda ni abin ya fi burge ni, kudancin Indiya. Ba Indiyar finafinan da kuke kallo ba, can ƙasa wajen Tamil, kiɗan da ake kira Karnatik, inda raga take a matsayin maƙam a wajen Larabawa. A ƙarni na 17 wani masani a Tanjabur mai suna Venkatamakhin ya zauna ya ce, tsaya, iyayen tsani nawa ne ma zai yiwu a samu? Su sautukansu bakwai, sa ri ga ma pa da ni. Sa da pa ba sa motsi. Ma kala biyu ne. Ri da ga in ka haɗa su hanya 6 suke zama, haka na ƙarshen nan biyu, "da" da "ni", hanya 6. To 2 sau 6 sau 6 nawa kenan? Yauwa, 72, Allah ya yi maka albarka. Su ake kira melakarta. A zamaninsa 19 kawai ake amfani da su, sauran filaye ne ya yanka ya sa musu lamba tun ba a yi gini ba. Daga 1 zuwa 36 masu ma na ƙasa, daga 37 zuwa 72 masu ma na sama, an kasa su rukuni 12 kowanne shida shida. In ka ba makaɗi lamba, da ɗan lissafin ka zai faɗa maka duk sautukan da ke ciki ko bai taɓa jin ragar ba.

To amma wa zai ce wa mawaƙi yi mana lamba 29? Ba daɗi a baki. Sai waɗanda suka biyo baya suka yi dabara, suka ɓoye lambar a cikin sunan. Suna da wani tsohon hisabi, katapayadi, kowane baƙi yana da lambarsa. Ka ɗauki gaɓa biyu na farkon suna, ka karanta lambar ta baya. Na farko Kanakangi, ka 1, na sifili, juya, 01. Na ƙarshe Rasikapriya, ra 2, sa 7, juya, 72. Mayamalavagowla wanda da shi ake fara koya wa yara, ma 5, ya 1, 15.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ramzi. Mawallafan waƙoƙin ajami in sun zo ƙarshe sai su dunƙule shekarar hijira a kalma ɗaya, shi ya sa ramzin zamanin jihadi za ka ga yana farawa da shinun da ra, don a hisabin Magaribawa da muke bi shinun 1000 ne, ra 200. Dabara ɗaya ce, mu muka ɓoye shekara, su suka ɓoye sauti.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka yi da tsofaffin ragogi waɗanda jama'a suka riga suka saba da sunansu. Akwai Shankarabharanam, tsohon suna, gurbinsa 29 amma gaɓoɓinsa ba sa ba da 29. Ba su goge sunan ba, sai suka ɗora masa hula, Dhira, dha 9, ra 2, ya zama Dhirashankarabharanam, kuma wannan shi ne mejo ɗinku cif. Kalyani aka sa mata Mecha, ma 5, cha 6, 65, ku cire 29 daga 65 saura 36, wato tsani ɗaya ne ma kawai aka ɗaga. Todi aka ce Hanumatodi, 8. A wajen biki kowa Kalyani yake cewa, Todi yake cewa, hular sai a aji. Ni a ganina babu wanda ya kai su iya wannan sulhu, mai lissafi ya samu nasa, tsohuwa mai sauraro ba a ƙwace mata sunan da ta sani ba.

Sai 'yan zamani masu wasa da gida 19 da 31 a kwamfuta. Wani Erv Wilson a Amurka, wajen 1975, ya ce a daina kallon maɓalli a kalli taku. Takun fararen maɓallan fiyano daga do: babba babba ƙarami babba babba babba ƙarami. Manya 5 ƙanana 2, a rubuce 5L 2s, L babba s ƙarami, shikenan sunan. Baƙaƙen maɓallai guda biyar ɗin nan da yawancin waƙoƙinmu suke zagayawa a kai, manya 2 ƙanana 3. Amfanin sunan shi ne yana bin ka duk inda ka je. A gida 12 babba 2 ƙarami 1. A gida 19 babba 3 ƙarami 2, 15 da 4, 19. A 31 babba 5 ƙarami 3. A 53 babba 9 ƙarami 4, 9 ɗin nan shi ne ƙananan yanki tara da Turkawa suke kira koma, suke ƙirgawa a cikakken taki. Tsari ɗaya, riga daban. Kuma inda ka fara hawa tsanin ma lamba suke ba shi, Lidiyan 6|0, mejo 5|1, Doriyan 3|3, daga mai haske zuwa mai duhu.

Yanzu ku gwada sa Rast a ciki. Manya 3 ƙanana 4, to, amma jerinsu bai cika sharaɗin Wilson ba, don shi yana so in ka tsallaka taki biyu daga ko'ina girma biyu kawai za ka samu, a Rast kuwa 6 da 7 da 8 kake samu, uku kenan. Maƙamin da Larabawa suke ɗauka uban maƙamat sai ya zama a wannan rajistar sai an yi masa ƙarin bayani a gefe. Kuma abin dariya, su kansu masu lissafin da lambobin suka yi musu yawa sai suka koma raɗa suna irin na mutane, akwai tsarin da suke kira da sunan beguwa, akwai mai sunan mu'ujiza, akwai wanda aka juya mejo ya zama manya 2 ƙanana 5 suka sa masa Mavila, sunan wani ƙauye a Mozambik, saboda kiɗan timbila, wasu jerarrun katakai da ake bugawa, na mutanen Chopi. An zaga an zaga an dawo gidan mai darbejiya.

Kuma ko lambar ta yi daidai ba ta faɗa maka tafiya. A arewacin Indiya akwai Bhupali akwai Deshkar, sautuka biyar iri ɗaya sak, amma ɗaya yana zama a ƙasa yana jingina da sautin "ga", ɗayan yana sama yana jingina da sautin "da", mai kunne ba zai taɓa haɗa su ba. Larabawa suna ce wa wannan sayr, inda za ka fara, inda za ka huta, ta inda za ka sauko.

Na ga hannu a baya, bismillah.

(Wani ya tambaya, to malam mu Hausa ya sunan namu sikel ɗin?)

Yauwa ƙanina. Mu ba ta nan muka ɓullo wa abin ba. Mu kiɗa sunan mai shi yake ɗauka, taken sarki, taken maƙera, taken mahauta, kiɗan 'yan dambe, kiɗan noma. Ka ce wa mai kalangu yi min taken mahauta ya san komai, bugun da saurin da kirarin, ba ya buƙatar santi. Don haka kar wani ya tashi daga nan ya je ya ce wa mai gurmi sunan abin da yake kaɗawa 2L 3s, zai kalle ka ne kawai ya ci gaba da ɗaure tsirkiyarsa. Abin da nake so ku yi kafin zama na gaba, kowa ya nemi makaɗi ɗaya, goge ko garaya ko kuntigi ko sarewa, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauke shi ba tare da fiyano a ƙasa ba, kashe Auto-Tune ɗin gaba ɗaya. Ka sa abin auna sauti ka rubuta santi nawa ke tsakanin kowane taki, kuma ka auna fiye da sau ɗaya don goge ba ya tsayawa wuri ɗaya, yatsa yana zamewa. In za ka ajiye fayil ɗin, fara rubuta sunan da shi makaɗin ya faɗa maka da bakinsa, da garinsu, sannan lambobinka su biyo baya. Mu ga nawa ne za su faɗa kan ɗari ɗari ɗin fiyano, nawa ne za su faɗa tsakani.

An kira magariba ko? To mai tambaya ta biyu ka riƙe ta, bayan sallah zan kunna muku Rast a gida 24 da kuma a gida 53 ku faɗa min wanne ya fi kama da na rediyo.